Yaron da fumfunar gidan haya ta kashe a Rochdale: abin da ya faru da Awaab Ishak

Ranar 21 ga Disamban 2020 wani yaro mai suna Awaab Ishak ya rasu a arewacin Ingila, kwana 8 kacal bayan ya cika shekara 2 a duniya. Lokacin ana tsakiyar annobar korona, amma ba ita ta kashe shi ba. Abin da ya kashe shi yana jikin bangon gidan da iyayensa ke haya, baƙar fumfunar nan da ke fitowa inda danshi ya zauna, wadda da yawanmu in mun gani sai dai mu ce ƙazanta ce kawai a goge. Na daɗe ina juya labarin nan a raina, kuma duk sanda na koma kansa abu ɗaya ne yake tsaya min a wuya: babu wanda zai ce bai sani ba. Uban ya faɗa, lauya ya rubuta, ma'aikaciyar lafiya ta rubuta, ma'aikatan masu gidan sun shiga sun gani da idonsu, amma aka bar yaron yana shaƙar abin har ya tafi.

Bari mu fara da gidan. Garin Rochdale yana yankin Manchester, tsohon garin masaƙun auduga ne da arzikinsa ya ja baya tun da masana'antun suka mutu, kuma akwai unguwanni a cikinsa da ke sahun mafi talauci a Ingila. A wata unguwar benaye da ake kira Freehold iyalin suke, cikin fulat mai ɗakin kwana ɗaya. Masu gidan wata ƙungiyar gidaje ce, Rochdale Boroughwide Housing, ana taƙaita ta RBH, wadda ta karɓi gidajen ƙaramar hukumar garin a 2012, tana riƙe da gidaje sama da 12,000. Irin gidajen nan ne da ake ba masu ƙaramin ƙarfi a kan haya mai rangwame, wato ba wani ɗan kasuwa bane mai neman riba ido rufe, ƙungiya ce da aka kafa takanas dan ta kula da talaka, har ma a tsarinta ana cewa 'yan hayan da ma'aikatan su ne masu ita. Wannan ya sa abin ya fi min ciwo wallahi.

Mahaifin Awaab daga Sudan ya zo neman mafaka, ya samu fulat ɗin, daga baya matarsa ta biyo shi a 2018. A watan Disamban shekarar aka haifi Awaab, kuma bakwaini ne, a mako na 31 aka haife shi, amma ya tashi lafiya lau. Banɗakin gidan ba shi da taga ko ɗaya, fankar da aka sa dan ta zuƙe tururi ba ta aiki yadda ya kamata, kicin ɗin kuma ba shi da irin wannan fankar kwata-kwata, tagarsa ma kan barandar da kowa ke bi ya wuce take buɗewa, kaga ba tagar da mutum zai bari a buɗe ya kwanta bace. To tururin girki da na wanka ina zai je? Babu inda zai je, a ciki zai zauna.

Tun 2017, kafin ma a haifi yaron, uban ya ga baƙin abu yana fitowa a kicin ya kai ƙorafi. Amsar da aka ba shi ita ce ya shafa fenti a kai. Shikenan. Ba a aiko wanda zai duba daga ina danshin yake ba, ba a ce masa ga irin maganin da ake fara wanke wajen da shi ba, ba a ma ce masa akwai fenti na musamman na fumfuna ba. Mutumin da bai taɓa zama a ƙasar sanyi irin wannan ba, bai san abin ba a inda ya fito, Turancinsa kuma bai nuna ba a lokacin, masu gida sun ce yi fenti, me zai yi in ba fentin ba? Ya yi, ya sake yi, abin yana dawowa.

Anan ya kamata mu ɗan tsaya mu fahimci yadda abin nan yake, dan duk gardamar da aka yi daga baya a kansa take. Iska mai ɗumi tana riƙe ruwa fiye da mai sanyi. In ka ɗora tukunya, ko ka yi wanka da ruwan zafi, ko ka shanya wanki a cikin ɗaki, kai ko numfashin mutum uku da suka kwana a ɗaki ɗaya, duk ruwa ne yake shiga iskar. In iskar nan ta taɓa bango mai sanyi ko gilashin taga sai ruwan ya sauka kamar raɓa, bangon ya riƙa zufa. A hunturun Ingila bangon tsohon gini da ba a sa masa abin tare sanyi ba kamar ƙanƙara yake, dan haka kullum a jiƙe yake wayar gari. Ita kuwa fumfuna irinta yana yawo a iska ko'ina, ko a gidan attajiri akwai shi, jiran waje mai laima kawai yake, da ya samu sai ya kama ya fara yaɗuwa, yana sakin wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani mutane na shaƙa. In ka shafe ta da fenti ka rufe idonka ne kawai, tana nan a ƙasa da ranta, bayan 'yan makonni ta huda ta fito. Maganin abin a san inda ruwan yake fitowa, in yoyo ne a toshe, a sa fankar da za ta fitar da tururi waje, a ɗumama gidan, a gyara bangon. Duba jerin nan da kyau ka ga nawa ne a ciki ɗan haya yake da iko a kai. Ba zai fasa bango ya sa fanka ba, ba zai canza taga ba, ba gidansa bane. Abu ɗaya da ke hannunsa shi ne kunna hita, shi kuma kuɗi ne, kuma wanda ke gidan rangwame dama shi ne wanda kuɗin gas da lantarki ya fi yi wa nauyi.

Illar abin ga lafiya ba sabon ilimi bane. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan danshi da fumfuna a cikin gida, inda ta nuna alaƙarsu da tari, da shaƙewar ƙirji, da tashin asma, da cututtukan hanyar numfashi. Waɗanda abin ya fi yi wa illa su ne jarirai da ƙananan yara, tsofaffi, masu ciki, da masu raunin garkuwar jiki. Yaro ƙarami yana numfashi da sauri fiye da babba, yini yake a gida yana rarrafe yana taɓa bango, kuma hanyar iskarsa ba ta wuce faɗin bututun biro ba, dan haka ɗan kumburin da babba zai ji kamar kaikayin maƙogwaro ne shi yaro zai iya toshe masa numfashi. Sai kuma ka tuna 2020 ce, shekarar kulle, an ce kowa ya zauna a gida dan ya tsira da lafiyarsa.

Awaab ya yi ta fama da mura da tari da matsalar numfashi, ana ta kai shi wajen likita. Da uban ya ga tura ta kai bango, a watan Yunin 2020 sai ya ɗauki lauya ya shigar da ƙorafin rashin gyara. Nan ne wani abu ya faru da har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. RBH na da tsarin cewa da zarar ɗan haya ya sa lauya a magana, to ba za a taɓa gyaran ba sai an cimma matsaya da lauyoyin. Ka ji fa. Matakin da mutumin ya ɗauka dan a yi masa gyara shi ne ya zama dalilin dakatar da gyaran. Babu dokar da ta hana su gyarawa, su suka zaɓi hakan, kuma ba su kaɗai bane masu wannan ɗabi'ar a lokacin, masu gidaje da dama haka suke yi. Takarda tana yawo tsakanin ofisoshi, yaro yana kwana a ɗakin.

A watan Yulin 2020 ma'aikaciyar lafiya mai bin gidajen masu ƙananan yara ta shiga gidan, abin da ta gani ya tayar mata da hankali ta rubuta wa RBH wasiƙa tana faɗin damuwarta a kan lafiyar yaron, tana neman a duba maganar canza musu gida. Wasiƙar ta shiga kwamfutar ƙungiyar, amma ashe ba rumbun bayanai ɗaya suke amfani da shi ba, abin da wannan sashen ya gani wancan bai gani ba, har wasu ma'aikatan da ke da hannu a lamarin ba su ma san akwai yaro mai ciwon ƙirji a gidan ba. Daga baya ungozomar da ke duba uwar, dan tana da wani cikin a lokacin, ita ma ta cike takarda a kan fumfunar ta aika sashen kula da yara, ita ma takardar ba ta isa hannun waɗanda ya kamata su gani ba. Kowa ya yi ɗan nasa ya ajiye, babu mutum ɗaya da ya ɗauki waya ya ce wannan gidan a fitar da yaron yau.

A watan Yulin dai wani jami'in RBH mai duba gine-gine ya je ya ga fumfunar a kicin da banɗaki. To maimakon a ce ginin ne ba ya shan iska, sai tunaninsu ya karkata kan iyalin. Aka ce ai yanayin rayuwarsu ne, wai irin girkinsu na yawan tafasa abinci ne, aka ga bokiti a banɗaki sai aka yanke cewa wankan ibada suke yi da bokiti suna jiƙa ko'ina. Babu wanda ya tambaye su. Wannan shi ne abin da nake so a riƙe, ba a tambaye su ba, kallon su aka yi aka ga baƙaƙen fata 'yan gudun hijira daga Sudan sai aka ƙirƙiro musu labari aka rubuta a fayil. Uban ya faɗa daga baya cewa shawa suke amfani da ita kamar kowa. Kuma ko da a ce da bokitin suke wanka fa, sai me? Banɗaki ba dan wanka aka gina shi ba, kicin ba dan girki ba? Gidan da ba zai iya ɗaukar girki da wankan mutum uku ba ai gidan ne ke da aibi. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma anan mai ɗakin ya nuna wajen da yatsa shekara uku, aka ce masa shi ne yoyon.

Wannan kalmar ta "yanayin rayuwa" ita ce mafakar masu gidaje da yawa a Ingila, kuma tana da daɗin faɗa dan akwai ƙwayar gaskiya a cikinta, eh tururi daga girki da wanka yake fitowa. Amma da zarar an rubuta ta a kan ƙorafin mutum to an rufe babinsa, an mayar da matsalar gini ta koma matsalar tarbiyya, sai a miƙa masa 'yar takarda mai cewa ka riƙa buɗe taga ka daina shanya a ɗaki. A watan Disamba, ana sanyin da ke shiga ƙashi, kana da jariri, ba ka da tsakar gida ba ka da injin busar da kaya, ina za ka yi shanyar?

Ranar 19 ga Disamban 2020 numfashin Awaab ya tsananta aka kai shi cibiyar kulawar gaggawa ta Rochdale, daga nan aka wuce da shi babban asibitin Royal Oldham. Aka ɗauka irin ciwon kumburin maƙogwaron nan ne na yara mai sa tari kamar haushi, aka ba shi magani aka sallame su. Ya koma gidan da ya sa masa ciwon. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ba a yi wa iyayen bayani dalla-dalla ba cewa in abin ya dawo su kira motar asibiti ko su zarce kai tsaye Oldham, kuma ba a nemo tafinta ba alhali uwar ba ta jin Turanci sosai. Da jikin ya sake rikicewa ranar 21 ga wata sai suka koma ƙaramar cibiyar nan ta Rochdale, wadda ba ta da kayan aikin irin wannan larurar. A hanyar mayar da shi Oldham zuciyarsa ta tsaya. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri.

Likitan da ya binciki gawar ya tarar maƙogwaro da hanyoyin iskar yaron sun kumbura har sun takure numfashi, da wani irin kumburi mai ƙulli-ƙulli wanda ba a cika gani a yaro mai wannan shekarun ba kuma ba a kwana ɗaya yake samuwa ba, alamar jikin ya daɗe yana faɗa da wani abu da yake shaƙa. An samu alamun fumfuna a huhunsa da jininsa. Masanin fumfuna da ya duba gidan ya ce ta yaɗu sosai kuma ta daɗe a wajen, jami'in ƙaramar hukuma da ya shiga bayan rasuwar ya ce gidan bai dace ɗan Adam ya zauna a ciki ba sai an gyara. Hotunan da aka fitar daga baya, bangon banɗakin da silin baƙi ƙirin kamar an yi gobara.

Sai da aka kusa shekara biyu kafin a kammala binciken musabbabin mutuwar. Ranar 15 ga Nuwamban 2022 babbar mai binciken yankin, Joanne Kearsley, ta yanke cewa Awaab ya mutu ne sakamakon mummunan ciwon numfashi da daɗewa cikin fumfunar gidansu ya jawo, kuma ba a ɗauki matakin magance ta ko hana ta ba. Ta ce babu wata hujja da ke nuna yanayin rayuwar iyalin ya wuce ƙima, rashin hanyar fitar iska ne. Ta yi tambayar da ta zagaye ƙasar: ta yaya a Birtaniya a shekarar 2020 yaro ɗan shekara biyu zai mutu saboda fumfunar gidansu? Iyayen kuma ta bakin lauyoyinsu suka ce sun yi ihu iya ƙarfinsu ba a ji su ba, suka faɗa ƙarara cewa ba su da shakka an yi musu haka ne saboda ba 'yan ƙasar bane, suka ce wa RBH ta daina wariyar launin fata.

Abin da ya biyo baya da sauri ya zo, irin ihu bayan hari. Shugaban RBH, Gareth Swarbrick, wanda albashinsa ya kai wajen fam 170,000 a shekara, da farko ya ce ba zai sauka ba, hukumar gudanarwar ma ta ce tana bayansa, amma cikin kwana huɗu aka kore shi. Ministan gidaje na lokacin, Michael Gove, ya riƙe fam miliyan 1 da aka ware wa ƙungiyar dan gina sabbin gidaje. Hukumar da ke sa ido kan gidajen rangwame ta gano cewa RBH ta jira kusan shekara biyu bayan rasuwar yaron kafin ta bi sauran gidajen unguwar ta duba, da ta duba kuwa sai ga ɗaruruwan 'yan haya cikin danshi da fumfuna. Ka yi tunanin wannan, yaro ya mutu a bene ɗaya, maƙwabtansa da ke cikin gini iri ɗaya da fanka iri ɗaya an bar su hunturu biyu. Jaridar Manchester Evening News ce ma ta riga su shiga unguwar tana ƙwanƙwasa ƙofofi tana jin iyaye na ba da labarin yaransu da ke zaryar asibiti. A watan Maris na 2023 ofishin sauraron koke-koken 'yan haya, ƙarƙashin Richard Blakeway, ya fitar da rahoto na musamman da ya ce akwai al'adar kallon 'yan haya a matsayin wasu daban a cikin ƙungiyar, ana raina ƙorafinsu ana yanke musu hukunci bisa zato, musamman masu neman mafaka. Kuma wannan ofishin dai tun Oktoban 2021 ya fitar da rahoto a kan danshi da fumfuna wanda takensa ma yake cewa abin ba yanayin rayuwa bane.

To ina rashin daidaiton yake a cikin duk wannan? Ni a ganina yana wajen tambaya ɗaya: in gidanka yana sa ka ciwo, za ka iya fita? Mai kuɗi in ya ga danshi a bango zai kira magini gobe, in haya yake zai tattara kayansa ya nemi wani. Iyalin Awaab sun nemi a canza musu gida, amma layin masu jiran gidan rangwame a Ingila ya kai iyalai kusan miliyan 1.3, kuma dalilin ƙarancin sananne ne, tun 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba 'yan hayan gidajen ƙananan hukumomi damar sayen gidajen a kan farashi mai rahusa, aka sayar da kusan miliyan 2 ba a gina madadinsu daidai da haka ba. Wanda ya samu ɗaki ɗaya ko ya ruɓe ba zai sake shi ba dan bai san inda zai faɗa ba. A kasuwar haya ta 'yan kasuwa kuwa kuɗin ya fi yawa, danshin ma ya fi yawa a can bisa ƙididdigar gwamnati, ga kuma sashe na 21 na dokar gidaje ta 1988 da a lokacin ya ba mai gida damar ba ka notis na wata biyu ka tashi ba tare da ya faɗi dalili ba, dan haka mutane da yawa sun gwammace su yi shiru da tarin yaransu da su yi ƙorafi a kore su. Gaba kura baya sayaki. Mutumin da ba zai iya fita ba muryarsa ce kaɗai ta rage masa, in kuma wanda ke sauraron ya riga ya yanke cewa irin su ba su san yadda ake zama a gida ba to babu abin da ya rage.

Kuma ba wai dokar ce babu ba. Tun 2018 aka yi dokar da ta wajabta gidan haya ya zama ya dace da zaman ɗan Adam, ta ba ɗan haya damar kai mai gida kotu, tana aiki a lokacin da Awaab ke raye. Shekara uku da rabi kafin rasuwarsa, a Yunin 2017, gobarar benen Grenfell a Landan ta ci mutum 72, su ma mazauna wajen sun daɗe suna ƙorafi ana yi musu kunnen uwar shegu, kuma bayanta an yi ta alƙawarin za a riƙa sauraron 'yan haya. Ko ta fuskar kuɗi ma abin asara ne ga kowa, cibiyar binciken gine-gine ta BRE ta ƙiyasta a 2021 cewa gidaje marasa kyau suna jawo wa hukumar lafiya ta NHS kashe kusan fam biliyan 1.4 duk shekara a Ingila. Likita zai ba yaro abin shaƙa na asma, ya sallame shi ya koma ɗakin da ya kawo shi, bayan wata biyu ya dawo, kuɗin da aka ƙi kashewa a fanka ana kashe ninkinsa a gadon asibiti.

Iyayen ba su koma gefe sun yi shiru ba, kuma wannan ya burge ni matuƙa, mutanen da aka raina Turancinsu su suka tsaya har aka canza dokar ƙasa. Da goyon bayan jaridar Manchester Evening News da ƙungiyar Shelter mai fafutukar haƙƙin matsuguni aka tara sa hannun mutum sama da 170,000, a Fabrairun 2023 gwamnati ta sanar za ta sa abin da ake kira Dokar Awaab a cikin dokar gidajen rangwame, wadda aka rattaba wa hannu a Yulin 2023. A Satumban shekarar gwamnati ta fitar da jagora ga masu gidaje da ke cewa a daina ɗora laifin danshi da fumfuna kan yanayin rayuwar ɗan haya, kuma kada a jira takardar likita kafin a yi gyara. Sai dai dokar kanta ba ta fara aiki ba sai 27 ga Oktoban 2025, kusan shekara biyar bayan rasuwar yaron, wanda ni dai ina ganin jinkirin ya yi yawa.

Abin da dokar ta kawo shi ne agogo. In mai gidan rangwame ya samu labarin danshi ko fumfuna mai haɗari dole ya bincika cikin kwanakin aiki 10, ya ba ɗan hayan sakamakon a rubuce cikin kwanakin aiki 3 bayan binciken, ya kawar da haɗarin cikin kwanakin aiki 5, in abin gaggawa ne kuwa cikin awa 24, in ba zai iya ba ya nema wa iyalin wani wajen zama a aljihunsa. Ɗora wannan a kan ƙorafin 2017 ka gani, da maganar ta ƙare cikin wata ɗaya tun kafin a haifi Awaab. An tsara za a faɗaɗa ta zuwa wasu haɗurran kamar tsananin sanyi da gobara da lantarki a 2026 da 2027.

Amma akwai inda nake da fargaba. Agogon ba ya fara bugawa sai mai gida ya san da matsalar, kuma jami'insa ne zai fara auna ko abin ya kai haɗari ko bai kai ba, wato irin mutumin da ya ga bokiti ya rubuta wankan ibada har yanzu shi ne a bakin ƙofa. In mai gida ya karya wa'adin, ɗan hayan ne zai kai ƙara ko ya bi layin ofishin koke, kuma ba kowa ke da lauya ko Turancin yin hakan ba. Sannan a yanzu gidajen rangwame kawai Dokar Awaab ta shafa. Sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktoban 2025 ta soke korar nan ta babu dalili, gwamnati ta sa 1 ga Mayun 2026 a matsayin ranar farawa, ta kuma buɗe hanyar kai Dokar Awaab kan masu gidajen haya na kasuwa, sai dai wannan ɓangaren an bar shi zuwa wani mataki na gaba, kuma iyalai sama da miliyan 4 ne ke zaune a irin waɗannan gidajen a Ingila.